ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Ina roƙon a ɗan sam mini fili a cikin wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san da jin kan maganar wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da sha'anin intanet da kwamfuta, ba ga 'yan sashen kimiyya can ba? To, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban da haka ma, saƙo ko ta bakin ɗan aike ya bi, ko ta takarda, ko ta waya, magana ce. Magana kuwa ita iyayenmu suka turo mu nan mu nazarta.

Ni mutumin ƙasar Miga ne a Jihar Jigawa, ƙauyenmu yana cikin fadamar Kogin Haɗeja. Wanda ya san wajen ya san cewa ruwan nan shi ne arzikinmu, shi ne kuma fargabarmu. Da shi muke noman shinkafa da alkama, a cikinsa muke su, amma in damina ta yi nisa, ruwan sama ya haɗu da wanda yake gangarowa daga madatsun Tiga da Calawa na Jihar Kano, ga kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da ya saba bi, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. A 2022 ya yi mana irin ɓarnar da tsofaffinmu suka ce sun daɗe ba su ga kamarta ba. A shekarar ce kuma malaman jami'o'i suka yi dogon yajin aikin nan da ya fara ran 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai ran 14 ga Oktoba. Watau an janye yajin aiki mu muna tsakiyar ruwa.

Labarin janyewar a rediyo na ji shi, 'yar rediyon mahaifina mai batir biyu, wadda ba ta taɓa ce masa datarsa ta ƙare ba. Abin da rediyo ba ta faɗa mini ba shi ne, wani malaminmu ya sa ranar gwaji a makon farko na komawa, ya ba shugaban aji sanarwa, shi kuma ya jefa ta cikin zauren ajinmu na WhatsApp. Nan kaɗai aka sa ta. Ba saƙon tes, ba imel, ba komai. A lokacin ƙarfen sabis ɗin da yake kusa da mu ya yi kwana da kwanaki a mace, aka ce ruwa ya yanke hanya, motar da take kai wa injinsa mai ta kasa isowa. In na hau tudun bayan gari wayata takan ɗan kamo wani ƙarfe mai nisa, a kira a ji murya, tes ma ya shiga, amma intanet ko alama. Ranar da kwalekwale ya fitar da ni titi, na isa Jahun na kunna data, sai saƙonni suka yi ta kwararowa, sun fi ɗari bakwai. Ga gaisuwar Juma'a, ga tallar turare da atamfa, ga musun ƙwallo, ga muryoyi masu tsawon minti biyar biyar. Can a tsakiyarsu, kamar allura cikin ruwa, sai ga sanarwar gwajin da aka riga aka yi shekaranjiya.

Da na isa makaranta na sami malamin a ofis na yi masa bayani. Ya ɗago kai ya ce, "Kai ba ka cikin guruf ne?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina ciki, ruwa ne ya ci garinmu." Ya ce Allah Ya kiyaye gaba, ya ci gaba da rubutunsa. Maki 20 sun tafi ke nan.

Ban kawo wannan labari don in kai ƙarar kowa ba. Malamin nan mutumin kirki ne, kuma na ci kwas ɗin da ƙyar da jiɓin goshi. Tambayarsa ce ta tsaya mini a rai har yau. Jama'a, tun yaushe shiga zauren wani kamfani na Amurka ya zama sharaɗin karatu a jami'ar Nijeriya? A wace takardar shiga makaranta aka rubuta haka? Wace majalisar jami'a ce ta zauna ta zartar? Ba wanda ya zartar. Mun wayi gari ne kawai mun ga jadawalin darasi, da takardun karatu, da canjin ɗakin jarrabawa, har da sakamako wani lokaci, duk sun tare a gidan aro, mu kuma mun bi su da tabarmarmu.

Kafin in shiga wannan, bari in ɗan taɓa masu sayar mana da sabis, don kada su ce na manta da su. Wayar hannu irin ta GSM ta fara aiki a ƙasar nan a 2001, ba a ma haife ni ba. Yayyenmu suna ba mu labarin sanda layi guda ya fi ragon layya tsada. Yau layi ya zama na kowa, wannan a gode Allah. Amma duk ɗan ƙauye ya san abin da nake nufi in na ce akwai sabis na talla akwai sabis na gaske. A allon talla na bakin titi an zana yarinya tana dariya da waya a hannu, an rubuta 4G da manyan baƙaƙe. A ƙauyenmu kuwa harafin E ne yake zaune a saman wayarka kamar an kafa shi da ƙusa, shafi guda sai ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Kowa ya san wace bishiya ce take da sabis, wane ɓangaren masallaci ne yake kamawa. Ka sayi data da kuɗinka a ce maka tana da wa'adi, in ba ka cinye ta ba ta mutu. Ina aka taɓa sayar wa mutum tiyar gero a ce in bai tuƙa cikin kwana bakwai ba za a zo a kwashe sauran? Ga datar dare mai araha da ta mai da ɗalibai mujiyoyi, ka ga mutum yana gyangyaɗi a lacca don ya kwana yana saukar da littafi. A kan wannan duka, a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Sun ce tsadar man dizal da faɗuwar naira ne suka tilasta, ban kuma ƙaryata su ba. Sai dai wanda sabis ɗinsa bai ƙaru da ko kashi ɗaya ba shi ma ya biya.

To, duk da haka, akwai abu guda da kamfanonin waya suke yi daidai, kuma a kansa maganata take. In kana da layin MTN, za ka kira mai Glo, ka aika wa mai Airtel tes, ya shiga. Ba alherinsu ba ne. Dokar Sadarwa ta 2003 ce ta wajabta musu haɗa layukansu da juna, kuma dukkansu a kan ƙa'idar fasaha guda suke aiki. Tun 2013 ma kana iya ƙaura daga wannan kamfani zuwa wancan da lambarka a hannu. Haka gidan waya yake tun da can. Kakana, Allah Ya ji ƙansa, ya sha jefa wasiƙa a gidan waya na Haɗeja zuwa ga ƙanensa da ya yada zango a Sudan kan hanyar Makka, kan sarki guda yake liƙawa, ta isa. Dalili shi ne tun 1874 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern cewa kowace za ta karɓi wasiƙar 'yar'uwarta ta isar. Haka imel. A 1982 wani masani Ba'amurke, Jon Postel, ya rubuta ƙa'idar da kwamfutoci za su bi su miƙa wa juna wasiƙa, aka baza ta a fili kowa ya karanta kyauta. Shi ya sa har gobe mai Gmail yake rubuta wa mai Yahoo, kuma kowace jami'a take iya kafa gidan imel nata ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Wannan shi ake nufi da buɗaɗɗiyar ƙa'ida. Kamar tiya ce a kasuwar Gujungu. Ba ta da mai ita. Kowane maƙeri yana iya ƙera ta muddin za ta ci abin da tiya take ci, kuma mai saye da mai sayarwa ba sa biyan wani ladan aron ma'auni.

Yanzu sai ku gwada aika saƙo daga WhatsApp zuwa Telegram. Ba ya tafiya. Kada wani ya ce muku fasaha ce ta gaza, don an riga an yi abin tun kafin a haifi yawancinmu. A 1999 wani matashi mai suna Jeremie Miller ya fito da wata buɗaɗɗiyar hanyar hira ta intanet da ya kira Jabber, a 2004 aka tabbatar da ita a matsayin ƙa'idar duniya da sunan XMPP. Tsarinta irin na imel ne: kowace makaranta ko ƙungiya ta kafa tata kwamfutar rarraba saƙo, wadda ake kira saba, sabobin kuma su yi magana da juna. Google ya gina manhajarsa ta Google Talk a kanta a 2005, da jama'a suka taru sai ya juya mata baya a 2013. Facebook ya buɗe ƙofar hirarsa ta wannan hanya, a 2015 ya rufe. WhatsApp ɗin kansa, wanda aka kafa a 2009, da tubalin XMPP aka fara gina shi, aka sassaƙe shi yadda ba zai yi magana da kowa ba sai kansa, sannan a 2014 Facebook ya saye shi a kan dala biliyan 19. Me aka saya da wannan maƙudan kuɗi? Ba fasahar ba, ita tana nan kyauta. Mu aka saya, mu da muka taru a ciki ba mu da ƙofar fita. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Wani zai ce, to mene ne aibun, tunda abin yana aiki? Aibun shi ne mai gida yana iya rufe gidansa ran da ya ga dama, ko gidan ya rufe kansa. Ku tambayi yayyenku ina 2go da suka raba dare suna hira a kai. Ina BBM, wanda aka kashe a 2019? Ran 4 ga Oktoban 2021 wani kuskure a cikin kamfanin Facebook ya ɗauke WhatsApp da Facebook da Instagram a duniya baki ɗaya har kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta toshe Twitter tun daga Yuni har Janairun 2022. Ran 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga wani hali. Ku duba abin dariya: saƙon da zan aika wa abokina da yake ɗakin kwanan da ke kallon namu sai ya bi ta kwamfutocin wani kamfani da manyan rumbunansa suke Amurka da Turai, sannan ya dawo ya haura bene guda. Da jami'a tana da tata sabar a cikin harabarta, ko an yanke duk wayoyin teku, sanarwar sashe za ta isa ɗakin kwana.

Turawa da kansu sun farga. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tilasta wa WhatsApp, daga Maris na 2024, ya buɗe ƙofa ga sauran manhajojin saƙo. Amma ƙofar ta mutanen Turai ce kaɗai. Mu nan, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Tara daban, buɗe ƙofa daban.

Akwai wata asara kuma da ta shafe mu mu 'yan Hausa fiye da kowa, ita ce ma ta fi ci mini rai. Yau ina adabin Hausa yake gudana? Kaso mai yawa na ƙagaggun labaran da mata da matasa suke rubutawa, babi babi ake sakinsu a zaurukan WhatsApp, wasu kyauta wasu a biya. Can waƙoƙi suke yawo, can ake musun nahawu da karin magana, can sababbin kalmomi suke tsirowa. Wanda yake son nazarin Hausar 1939 yana iya zuwa ɗakunan ajiyar tarihi na Kaduna ya nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zauna ya karanta abin da Abubakar Imam ya rubuta. To ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin yana neman Hausar zamaninmu, ina za shi? Wayar marubuciya ta faɗa rijiya, ko an sace, ko an rufe lambarta, shi ke nan littafi ya bi ruwa. Laburaren jami'a ba shi da hanyar da zai shiga ya adana, don gidan ba nasa ba ne. Muna zaune a aji muna kukan rubuce-rubucen ajami da gara ta cinye, alhali ga wata garar tana ci a aljihunmu.

Kada a ɗauka ina cewa duk buɗaɗɗiyar ƙa'ida ta yi mana adalci. Ga misali da kowa zai iya gwadawa yau da daddare. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160. Amma jerin haruffan da Turawa suka tsara masa tun farko ya ƙunshi irin su é da ñ da ü, har da wasu haruffan Girkanci, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da zarar ka sa ɗaya daga cikin haruffanmu masu lanƙwasa, sai wayar ta koma wani tsarin da yake ɗaukar harafi 70 kacal. Watau saƙo mai harafi 150, in ka rubuta shi da gurguwar Hausa kuɗin saƙo ɗaya za ka biya, in ka rubuta shi daidai yadda malamanmu suka koya mana, kuɗin uku. Bayan ƙarin 2025 tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6, ku yi lissafin da kanku. Tara ake cin mutum don ya rubuta harshensa daidai! Sannan mu zo muna mamakin yadda yara suka daina bambanta baƙi da baki, da faɗa da fada, da ƙafa da kafa. Haruffan nan tun shekarun 1930 aka tsayar da su a Zariya, zamanin su Rupert East, ba jiya suka zo ba.

Amma ga inda bambancin yake. Turkawa sun ga irin wannan matsala a harshensu, aka bi hanya, aka ƙara wa ƙa'idar tes jeri na musamman domin Turkanci. An yi wa Hindi da Urdu da Tamil da Bengali da wasu harsunan Indiya haka. Hausa, mai miliyoyin masu magana daga Kano har Damagaram har zangon Kumasi, ba ta ciki. Ba don an kulle ƙofa ba, sai don ba mu je ba. Buɗaɗɗiyar ƙa'ida tana da zauren shawara, tana da takarda da za ka karanta ka nuna inda aka manta da kai. Ta irin wannan hanya ce haruffanmu suka sami gurbi a cikin Unicode, babban jerin haruffan duniya, shi ya sa kuke iya karanta su a wannan shafi. Rufaffen gida kuwa sai dai ka tsaya a waje ka yi ta sallama.

Wannan ya kawo ni kan 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta, kuma ina roƙon su yi mini haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, a farkon shekarun 2000, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. An sami Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, da ta jiha a Kafin Hausa, maƙwabtanmu, a 2013. Wanda aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Ba a rasa mutane ba ke nan. To ina aikin? Ina da abokai a wannan sashe, na ga irin ayyukan kammala digiri da ake yi. Wannan ya rubuta manhajar rajistar otal, a garin da ba otal. Wancan ya yi kwaikwayon Facebook, shi kaɗai ne a ciki da budurwarsa. Wani ma, mu faɗi gaskiya, saye ya yi a shagon buga takardu na bakin ƙofa, aka canja suna da shekara. A yi wa kundi bango mai kyau, a kare shi gaban malamai, a ɗora a kanta, ƙura ta gaje shi. Ba a taɓa gwada ko ɗaya a wayar da take nuna E ba.

Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Yaro ba ya koyon gini a gidan da aka hana shi taɓa bango. WhatsApp ba ya yarda ka rubuta taka manhajar ka jona da shi. Masu amfani da jabun irinsa ma rufe musu lamba yake yi, hanyar da ya buɗe wa 'yan kasuwa kuwa ta kuɗi ce. Amma ƙa'idar imel, da ta XMPP, da ta Matrix da ta fito a 2014, duk suna nan a rubuce, kowa ya ɗauka. Manhajojin saba irin su Prosody da ejabberd kyauta ne, kana iya buɗe cikinsu ka ga yadda aka ɗinka, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Ɗalibin aji uku mai ƙwazo zai iya haɗa abin da nake mafarki: malami ya rubuta sanarwa sau ɗaya, ta tafi imel ɗin kowa, ta tafi manhajar hira, ta fito a shafin sashe, wanda kuma ya yi rajistar cewa shi ɗan ƙauye ne ta same shi ta tes a 'yar ƙaramar wayarsa. Da akwai wannan a 2022, da saƙon ya same ni a kan tudun bayan gari.

Kuma abin bai tsaya a maki 20 ɗina ba. Kowace shekara hukumar kula da ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya, hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da na damina. Akwai ma buɗaɗɗiyar ƙa'ida ta duniya domin gargaɗin bala'i, ana kiranta CAP, wadda aka tsara don sanarwa guda ta fita ta rediyo da tes da intanet a lokaci ɗaya. Manomin Miga da Auyo da Kafin Hausa, mai waya 'yar rakani-kashi, me zai hana gargaɗi ya zo masa da Hausa, gajere, kwana biyu kafin ruwa, ya kwashe buhunansa ya kora dabbobinsa tudu? Wa zai rubuta manhajar? Ɗan sashen kwamfuta. Wa zai tsara kalmomin yadda tsoho zai gane ba tare da ya firgita ko ya yi biris ba, kuma su shiga cikin harafi 70? Mu. Ga aikin digiri na mutum biyu daga sassa biyu, wanda ba zai kwanta a kanta ba.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce WhatsApp yana da sauƙi, kowa yana can. Gaskiya ne, ni ma ina can, kuma ba zan ɓoye ba, saƙon murya ya yi wa iyayenmu da ba su yi boko ba rana. Mahaifiyata da shi take yi mini faɗa daga Miga. Tun 2016 kuma yake kulle saƙo yadda na tsakiya ba zai karanta ba, wannan abin yabo ne. Ban ce kowa ya goge shi ba. Ku yi hirarku, ku yi tallar turarenku. Abin da na ce shi ne, hukuma ba ta da hurumin mai da shi hanya ɗaya tilo ta isar da abin da ya shafi makomar ɗalibi. Zance a dandali daban, shela daga fada daban.

Za a ce kuma ina wutar da za ta riƙe saba, wa zai kula da ita in ɗaliban da suka kafa ta sun gama sun tafi? Wannan tambaya ce mai nauyi, ita ce ma ta kashe ayyuka da yawa irin wannan. Amma jami'ar da take iya riƙe shafin biyan kuɗin makaranta dare da rana, ba ya mutuwa sai ranar duba sakamako, ba za ta ce mini ba ta da wutar kwamfuta guda ba. Maganar kulawa kuwa, ai ita ce darasin. A mai da shi kwas, 'yan aji huɗu su miƙa wa 'yan aji uku da bayani a rubuce, a ba su maki a kan abin da ya ci gaba da aiki, ba a kan kaurin kundi ba. Ga mujallar nan da kuke riƙe da ita, ai haka take rayuwa, editoci suna gamawa suna tafiya, wasu suna karɓa.

Wani abokina ya ce mini ai an ba mu imel na makaranta tun muna aji ɗaya, wa yake buɗewa? Na ce masa ba wanda yake buɗewa don ba abin da ake sakawa a ciki. Ran da aka ce sanarwar da ba ta bi ta nan ba ba sanarwa ba ce, kuma ba za a hukunta ɗalibi a kanta ba, ran nan kowa zai tuna lambar sirrinsa, malamai ma haka.

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya tamu, tunda mu ne masu mujalla da bakin magana, su rubuta wa shugaban sashe a kan wannan doka guda kafin damina ta kama. Su kuma gayyaci ƙungiyar ɗaliban kwamfuta zama ɗaya, mu kawo jerin kalmomi da haruffa, su kawo nasu ilmin. Na riga na yi magana da abokin ɗakina, ɗan Kaugama, yana aji uku a can. Ya ce shi ba ya bukatar kwangila ko kwamiti, a ba shi tsohuwar kwamfuta guda, da soket mai wuta, da izinin jona ta da layin makaranta. Na kuwa san wani ɗaki a ƙasan benenmu da aka jera kwamfutoci huɗu aka lulluɓe da leda tun ina aji ɗaya. Sau uku ina tambayar wanda mabuɗin yake hannunsa, kowa sai ya ce in tambaya a guruf.